A fara sayen mayafi, sannan a yanka rigar amarya

Albasa ta fara fita, manyan motoci sun yi layi a mararrabar Tsarnawa suna lodi, kuɗi sun shigo hannun manoma, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. Mu da muke zaune gaban makirfo mun fi kowa sanin lokacin, domin takardun sanarwar ɗaurin aure ne ke cika mana tebur, daga Galmi, Dogarawa, Gidan Idar, Malbaza, Konni har Illela. Muna karantawa, muna sa albarka. Amma akwai wata magana da ba a rubuta ta cikin takardar gayyata, sai an rufe makirfo ake kiranmu a salula ko a tare mu bakin ƙofa a faɗa mana ita. Maganar rigar amarya ce da mayafinta.

Kwanan baya wata uwa daga wani ƙauye na karkarar Tsarnawa ta tsayar da mu bayan shiri. Ɗiyarta ta ga wata riga a salula, jikin wata amarya ta Kano ko ta Abuja, ruwan albasa mai ɗan duhu. Ta ce ita dai wannan. Aka aika kuɗi, aka sayo leshi, tela ya yi aikinsa, riga ta yi kyau. Saura kwana goma buki sai aka tuna babu mayafi. Ranar Laraba aka zagaye kasuwar Konni, aka sayi ɗaya da ya yi kama. Da aka zo gida aka ɗora shi kan rigar, sai ya koma ruwan hoda. Ranar Lahadi aka hau kabu-kabu aka tsallaka Illelar Najeriya, aka sayo biyu don kada a sake kuskure. Ɗaya ya yi ja, ɗaya ya yi shuɗi. A ƙasar albasar Galmi aka rasa mayafi ruwan albasa! Daga ƙarshe da mayafin yayarta aka kai amarya. Uwar ta ce mana: "Wallahi ɗiyana, mayahi ukku munka saya, ko guda ba ta sa ba. Kuɗɗin da sunka tahi nan, da hatsi munka saya da su."

Mun yi dariya tare da ita, amma abin bai bar ranmu ba. Domin a ganinmu ba rashin sa'a ya same su ba. Tsarin ne aka juya, kuma kusan kowane gida haka yake yi yanzu: a fara da riga, a kashe mata duk kuɗin da duk hankalin, mayafi kuma a bar shi ya zama cikon giɓi. Mu kuwa ra'ayinmu shi ne a fara da mayafi. In an same shi, an gan shi da rana, amarya ta yafa ta ji daɗinsa, sannan a ɗauke shi a tafi da shi wurin mai yadi a zaɓi abin da za a yanka riga.

A wurinmu ai mayafi shi ne amarya. Ku tuna yadda ake kai ta. Tun daga ɗakin uwarta a lulluɓe take fita, a lulluɓe take shiga mota, a lulluɓe take taka ƙofar gidan miji. Dangin ango da suka taru, me suke gani? Mayafi. Buɗar kai da ake yi, har a ba da tukuici kafin a ga fuska, ba ta da ma'ana in babu abin da ya rufe kan. Bayan buki kuma, in za ta gaida uwar miji, in za ta shiga gidajen dangi, in baƙi suka zo ganin ɗaki, mayafin nan ne dai bisa kanta. Rigar da aka sha wahala a kanta, awa nawa take yi a jiki? Uku ko huɗu, a ɗauki hoto, a cire a ninke. Kakanninmu da ba su san leshi ba sun fahimci wannan sarai. Zanen lulluɓi, na saƙa ne ko baƙin rini mai ƙyalli irin na Kura ta ƙasar Kano, shi ake fara tanada tun yarinya ba ta san wanda za ta aura ba, kuma yakan kai har ga ƴar da za ta haifa.

Ko an ajiye al'ada gefe, sana'a ma haka ta ce. Riga ɗinka ta ake yi. Tela zai iya yanka ta daga shadda, ko leshi, ko atamfa, ko buwal, ya ƙara nan ya rage can, ya sa aiki a wuya ko ya bar shi. Mayafi kuwa yadda ya zo haka yake. Mafi yawan waɗanda ke kasuwanninmu an gama su tun daga Sin ko Indiya, wasu sun biyo ta Dubai, da launinsu da tsawonsu da duwatsunsu. Ba mai ƙara masa duhu, ba mai rage masa haske. Mai kantin yadi zai baza miki launi iri-iri har ido ya gaji, amma mai mayafi abin da ya rataya shi ke nan gare shi. To wanne ya kamata ya bi wani? Ko magini, in an ba shi ƙofar ƙarfe da aka riga aka ƙera, daidai ita yake barin baki a jikin gini. Ba ya gama ɗaki sannan a shiga kasuwa neman ƙofar da za ta shiga.

Sai maganar launi, wadda ita ce ta ka da uwar nan. Launin da ke cikin salula ba shi ne launin yadi ba. An haska amaryar da fitilu, mai hoto ya gyara, salular ma kowace da irin haskenta. Ko cikin kanti, farin ƙwan lantarki yana canza launi, rumfar leda mai shuɗi ko ja ta fi shi ɓarna. Don haka duk wanda ya san kan kaya zai ce miki ki fito da mayafin bakin ƙofa ki dube shi da rana. Kuma ki dube shi a kan yadin da kike son haɗa shi da shi, domin mayafi shara-shara yana shan launin abin da ke ƙarƙashinsa. Fari ma ba ɗaya ba ne. Akwai fari ƙal, akwai ruwan madara, akwai mai ɗan shuɗi-shuɗi, in aka haɗa biyu daga cikinsu sai ɗayan ya zama kamar wanda ya sha wanki. Mu dai a namu idon, bin launi sak ba dole ba ne. Mayafi ruwan zinari ko ruwan madara da ya ɗauki launin zaren aikin rigar ya fi kwanciya a ido bisa wanda aka so ya yi daidai amma ya kuskure da kaɗan. Kuskure kaɗan ɗin nan shi ido ke fara kamawa.

Akwai ƙananan abubuwa da iyaye mata suka sani, amma ana mantawa da su cikin gaggawa. A jiƙa farin ƙyalle a goga a gefen mayafin, in ya zuba to zai zuba a wuyan amarya da rigarta in zufa ta zo. A ɗaga shi a ji nauyi, domin wanda aka cika wa duwatsu zamewa yake yi, amarya ta wuni tana jan shi da hannun da ke da lalle. Duwatsun da aka liƙa da gam kuma ba sa jure zafinmu, tun ba a kai gidan miji ba sun fara zuba. A kuma tuna amarya da turaren wuta ba sa rabuwa, mayafin roba kuwa tartsatsi ɗaya daga kasko ya ishe shi ya huje.

Wani zai ce, ai Illela ga ta nan, Sakkwato ma ba nisa, in ba a samu yau ba a samu gobe. To mu mutanen iyaka bai kamata mu manta da wuri haka ba. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. Amare nawa aka kai a tsakanin nan da kayan da ba su aka yi niyya ba? Kayan nan da muke sawa daga nesa suke zuwa. Shaddar Getzner, wadda muke ce wa gezna, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ake saƙa ta. Atamfar Holan ta Vlisco daga Helmond take, kamfanin yana nan tun 1846. Sauran kuma, mafi yawa, daga Sin. Kafin su iso rumfar Konni ko ta Badagishiri sun bi teku, sun bi tashar jirgin ruwa, sun bi duwan, wasu sun kwana a Kantin Kwari na Kano. Launin da aka gani wannan watan ba lalle a sake ganinsa wata mai zuwa ba. Wanda ya bar mayafi sai satin buki caca ya yi.

Faɗuwar naira ma ta zo mana da wani sabon ciwo. Da yake sefa ta yi nauyi a kasuwar ƙetare, sai mutum ya ga komai kamar kyauta, ya sayi uku a inda ɗaya ya isa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Uku marasa shiga ba su kai ɗaya mai shiga ba, kuma in ka haɗa kuɗinsu da na kabu-kabu da na wuni, ka wuce kuɗin mai kyan.

Bari mu taɓo farar riga, wadda ƴanmatanmu ke ce wa rob, mai dogon wutsiya da ɗan ragar da ake maƙalawa a kai. Mu da muka yi lakwal mun fara ganin ta cikin littattafan Faransanci tun muna yara, har muka ɗauka haka aure yake a duniya tun fil azal. Ashe ba haka ba ne. A Turai ma da can mace rigarta mafi kyau take sawa ranar aure, kowane launi ne. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta sa farar riga ta yi tashe, da ta auri Yarima Albert ranar 10 ga Fabrairun 1840. Abin da ba a faɗa wa masu kwaikwayo shi ne yadda ita ta yi nata zaɓin. Alharinin rigar a Spitalfields na Landan aka saƙa shi, leshin kuma matan yankin Honiton na ƙasarta suka yi shi da hannu, a lokacin da sana'arsu ke neman durƙushewa. Kuma ba ta ninke ta manta ba. Ta riƙa sake amfani da leshin a manyan bukukuwan gidanta shekara da shekaru, mayafin aurenta kuwa da shi aka rufe mata fuska da ta rasu a 1901. Wato sarauniyar da ke da dukiyar sayen duk abin da ta ga dama, masaƙan gida ta ba aiki, kuma mayafinta ya yi shekara 60 da ɗoriya tare da ita. Mu kuma mun ɗauko farin, mun bar hankalin.

Ba mu ce farar riga haramun ce ba, wannan ba huruminmu ba ne, akwai malamai. Amma mu duba yadda take ƙarewa a nan. Hayarta ake yi, an ɗinka ta don jikin wata. Tana zuwa babu hannu ko wuyanta a buɗe, sai a nemi wata riga a sa daga ciki. Ragar kai ba ta rufe komai, kamar gidan sauro take, sai a nemi ɗankwali ko hula a sa ƙarƙashinta, in za a kai amarya kuma dole a sake neman mayafin gaske a ɗora. Kaya hawa uku ke nan, a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Konni ke wuce digiri 40. Mun sha ganin amarya kwalliya na narkewa, ƙawaye na yi mata fifita da katin gayyata. Wutsiyar kuma tana sharar jar ƙasarmu, gobe mai haya ya ce sai an biya kuɗin wanki ko na ɓarna. Wadda ta ce lalle ita farar take so, to ta yi ta yadda za ta zauna da ita: ta sami farin mayafi mai kauri da faɗi tukuna, a yanka mata doguwar riga ta farar shadda ko leshi daidai jikinta, wadda za ta sake sawa ranar Salla ko ranar suna.

Domin maganar a ƙarshe ta kuɗi ce, kuma kuɗin nan mun san inda suke fitowa. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne a wata, mafi yawan mutanen karkararmu ma ba su da albashi sam. Tun zamanin Seyni Kountché hukuma ta ga abin ya fara yawa har ta ƙayyade sadakin budurwa a jika 50. Yau kayan da amarya za ta sa na wuni guda suna iya haɗiye wannan kuɗin ba a ji ba. Daga ina? Daga albasar da aka yi wata huɗu ana ban ruwa. Daga saurayin da ke Abijan ko Libiya yana kwana a rumfa don ya cika baliz. Daga tunkiyar uwa. Daga asusun mata, irin na Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maradi tun 1991 don mace ta sami jarin ƙuli-ƙuli ko na kiwo, sai ga shi ana ɗaukar bashinsa don rigar awa huɗu. Buki ya watse, baƙi sun tafi, uwa na biyan zubi har damina. Ba mu ƙi a kashe kuɗi ga amarya ba, ɗiya ce, ta cancanta. Amma in za a kashe, a kashe a kan abin da zai zauna cikin akwatinta ya yi mata amfani.

Teloli kuma, mu yi musu adalci. Kowa na zaginsu da saɓa alkawari, wasunsu kuma sun ci zagin. Amma wanda ya kawo ɗinkin amarya saura mako guda, a lokacin da kowane gida ke buki, ga ankon ƙawaye, ga na dangin uwa, ga na dangin uba, ga wuta tana ɗaukewa keken aiki ya tsaya, me yake jira? A kai ɗinki da wata guda a gaba. A tafi da mayafin a hannu, tela ya gan shi da idonsa, ya zaɓi zaren aiki daidai shi. A ce masa ya bar sarari cikin ɗinkin, domin jikin amarya na wata shida masu zuwa ba shi ne na yau ba, in Allah ya kawo rabo ma balle. A karɓi ragowar yadin a adana. Kuma a daina miƙa masa salula a ce "wagga nika so sak". Wadda ke cikin hoton tsayinta daban, yadinta daban, wataƙila ma an kama rigar da allura ta baya don hoto kawai. Telolinmu ba su rasa basira ba. Ƙasar da Alphadi ya tara manyan masu zanen tufafi na duniya cikin hamadar Tigidit a 1998, ya kafa bukin FIMA, ba za a ce ba ta iya ɗinka rigar amarya ba. In aka ba telan unguwa lokaci da kaya masu kyau, aka saurari shawararsa, sai a sha mamaki.

Mun san abin da ƙannenmu amare za su ce, sun ma sha faɗa mana: rana ɗaya ce a rayuwa, a bar mu mu yi yadda muke so. Gaskiyarku. Ba mu zo mu hana ku kyau ba, kuma ba mu ce uwa ko gwaggo ta zaɓa muku ba. Ke za ki zaɓa, ƙanwata. Abin da muke cewa, ki zaɓa da idonki da hannunki, ki taɓa, ki yafa, ki zauna da shi ki tashi, ki duba madubi da rana. Amaryar da ta fi kyau a duk bukukuwan da muka halarta ita ce wadda ba ta fama da kayanta, ba ta jan wuya sama, ba ta riƙe mayafi da haƙori, ta zauna abinta cikin natsuwa ana kallon ta.

Mu ma masu makirfo muna da namu laifin, kada mu tsame kanmu. Mu ake ɗauka mu yi sanƙira a wajen buki. Mu ne ke ɗaga murya muna cewa jama'a a tafa, amarya ta canza kaya na huɗu, wannan daga Dubai aka zo da shi. Ƴanmatan da ke zaune a bayan rumfa suna ji, suna lissafi, iyayensu ma suna ji gabansu na faɗuwa. Ba mu taɓa cewa a tafa wa telan Tsarnawa da ya ɗinka wannan ba, ba mu taɓa cewa wannan mayafin na kakarta ne ba. Mun yi magana tsakaninmu, mu dai daga bana mun daina ƙirga kayan amarya a makirfo. In mai buki ya ce sai mun faɗi daga inda aka sayo, za mu ce masa ya ba mu sunan wanda ya ɗinka.

Uwar nan da muka fara da labarinta tana da wata ɗiyar da aka sa wa rana bayan kaka. Mun haɗu da ita Larabar da ta wuce a kasuwar Konni, tana tsaye bakin wata rumfa ita da yarinyar, sun fito da mayafi ruwan zuma cikin rana suna juya shi. Yarinyar ta yafa, ta cire, ta sake yafawa. Muka tambaya ina rigar. Uwar ta ce: "Wace riga? Ba mu ko yanke ba tukun. Wanga za mu kai ma tela shi gani."